Zoɓo, Ƙaro da Bagaruwa a Masarautar Gumel: Matsayinsu a Binciken Maganin Sankarar Babban Hanji

Tsakure

Maƙalar ta duba sinadaran tsirrai uku da aka saba da su a ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ta auna su da tarihin irinotekan, maganin sankarar babban hanji da dubura wanda asalinsa daga itace ne.

Gabatarwa

Alƙaluman hukumar binciken sankara ta duniya na 2020 sun nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne suka kamu da wannan cuta, fiye da 900,000 suka rasu. A 1966 Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana sinadarin kamtotesin da suka ciro daga wani itacen ƙasar Sin, Camptotheca acuminata. Yana toshe topo'isomeres na ɗaya, wato sinadarin da ke warware zaren gado kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu. Gwajin farko a kan majinyata bai yi armashi ba, saboda zawo da kumburin mafitsara. Sai da masana a Japan suka sauya masa fasali aka sami irinotekan, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, shekara 30 bayan ganowar.

Tattaunawa

Jan zoɓon da ake lodinsa a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis yana ɗauke da antosayanin. An sha kushe wannan sinadari da cewa kaɗan ne ke shiga jini. A ganinmu, ga wannan cuta kushen ya zama riba: abin da ƙaramin hanji bai tsotse ba yana gangarawa babban hanji, daidai inda ƙarin yake. Ƙaron dakwara ma haka. Ruwan ciki ba ya narka shi. Ƙwayoyin bakteriya na babban hanji ne ke ruɓar da shi, su fitar da sinadarai irin su butiret, wanda lafiyayyun ƙwayoyin bangon hanji ke ci, amma a ɗakin gwaji yakan tsayar da yaɗuwar masu sankara. Sai dai yawancin shaidar daga kwanon gwaji da ɓeraye take, kuma adadin da ake zuba wa ƙwayoyin ya zarce abin da kofin zoɓo zai kai wa hanji.

Lamarin bagaruwa ya fi ɗaure kai. Tana da tanin mai ɗaure ciki, shi ya sa masu maganin gargajiya ke ba da ita ga mai basir ko atini. Mai sankara yakan fara ne da ganin jini a bayan gida; idan jiƙon ya lafar masa da zawo, sai ya ce basir ne ya kwanta, ya ƙara watanni kafin ya isa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Shawara

Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja su fara da auna yawan antosayanin a zoɓon ƙananan hukumomin huɗu, sabon girbi da wanda ya kwana a rumbu, tare da tambayar majinyata tsawon lokacin da suka sha jiƙo kafin a yi musu hoton hanji.