Wutar da Doka Ta Kasa Kashewa

Tun da kamfanin Shell-BP ya haƙo man fetur a Oloibiri cikin 1956 aka mai da iskar gas mai biyo man tamkar shara, ana cinna mata wuta a filayen rijiyoyi. A 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar hana wannan ɓarna daga Janairun 1984. Da wa'adin ya cika, sai hanin ya zama ciniki: Minista ya ba da izini, kamfani ya biya 'yar tara. Biyan tarar kuwa ya fi shimfiɗa bututu araha nesa ba kusa ba. Saboda haka talakawan Neja Delta suka ci gaba da shaƙar hayaƙi, alhali a ƙasashen Kano da Sakkwato ana ta sare itatuwa domin girki.