Bununi da marka: yadda iska ta daɗe tana gyara geron arewacin Kano

A Japan, daga Fabrairu zuwa Afrilu, masu hasashen yanayi ba ruwa da zafi kaɗai suke sanarwa ba, har da yawan garin furen itacen sugi, wato sidar ƙasar, da zai tashi a iska. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka dasa itacen da yawan gaske don katako, a 1964 likitoci suka fara ba da rahoton atishawa da ƙaiƙayin ido da yake jawowa, yau kuma ya addabi fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Ƙa'idar da suka gano mai sauƙi ce: ranar ruwa garin yana kwanciya, washegari in rana ta buɗe, iska ta busa, sai ya tashi ninki.

Mu nan ba mu da sugi. Amma wannan ƙa'ida tana aiki a kowace gonar gero daga Bichi zuwa Dambatta, sai dai mu ba hanci take shafa ba, rumbu take shafa.

Duba zangarniyar gero bayan ta yi huda. Abin da ke fara fitowa wasu fararen zaruruwa ne masu laushi, daga sama su gangaro ƙasa. Su ne ɓangaren mace. Sai bayan kwana biyu zuwa uku ɓangaren namiji ya leƙo, wanda manoma ke kira bununi. Wannan ratar ita ce sirrin komai. Kafin zangarniya ta saki nata garin, mafi yawan zaruruwanta sun riga sun karɓi na wata, wanda iska ta kawo daga kunyar gaba ko daga gonar maƙwabci. Kuma bununi ba ya fashewa sai ya sha iska ya bushe. In marka ta kama kwana da kwanaki, garin ya jiƙe ko ruwa ya wanke shi, zaruruwa su yi ta jira har su mutu. Sakamakon shi ne zangarniya mai giɓi-giɓi. Abin da ya fi muni, furen da bai samu gari da wuri ba shi ne ƙofar da wata cutar fungas ke bi, wadda ke sa kan gero ya riƙa ɗigar da ruwa mai danƙo kamar zuma.

To me ya sa kakanninmu suka riƙe hatsin da furensa kan faɗa a tsakiyar marka? Saboda yunwa ba ta jira. Gero yana nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka, ya shigo daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma ba su dogara da shi kaɗai ba. Akwai maiwa, wadda ba ta ƙirga kwanaki daga shuka. Tana jiran yini ya fara gajarta, sannan ta yi huda wajen Satumba, lokacin da ruwa ya sassauta. Dawar gargajiya ma haka take. D. L. Curtis, wanda ya yi aiki a Samaru ta Zariya, ya nuna a 1968 cewa dawar kowane yanki a Najeriya tana fitar da kai ne daidai da lokacin da damina ta saba ɗaukewa a yankin. Gero yana caca da marka, maiwa da dawa suna caca da ɗaukewar ruwa, manomi kuwa ya haɗa su a gona guda da wake da gyaɗa, don in wannan ya faɗi wancan ya tashi.

Wannan shi ne tsarin da Michael Mortimore da J. Wilson suka tarar lokacin da suka wallafa bincikensu kan karkarar Kano mai cunkoson jama'a a 1965: gona manne da gona, ba saura, ana nomawa kowace shekara da takin dabbobi da sharar birni. Shekara takwas bayan haka sai ga 1973, inda ruwan Kano ya tsaya a wajen rabin abin da aka saba. Aka sake sha a 1983 da 1984. Damina ta gajarta, hatsin da ke jiran Satumba ya riƙa yin bununi a kan busasshiyar ƙasa, manoman arewa suka ƙara karkata ga irin da ke nuna da wuri.

Abin da ya fi ba ni sha'awa daga Nijar ya fito, ƙasar da geronta da namu ɗanjuma ne da ɗanjummai. Yves Vigouroux da abokan aikinsa na cibiyar IRD ta Faransa sun ɗauko irin geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976, suka koma ƙauyukan a 2003 suka sake tattarawa, suka shuka su kafaɗa da kafaɗa. A sakamakon da suka fitar a 2011, manyan nau'o'in ba su ɓace ba, amma geron 2003 ya fi saurin yin huda, zangarniyarsa ta ɗan gajarta. Wato manomi yana kiran irinsa da sunan da ubansa ya kira shi, alhali irin ya sauya a hannunsa. Iska ta cakuɗa jini, fari ya tace, shi kuma ya zaɓi zangarniyar da ta cika ya ajiye.

Iskar ba alheri kaɗai take kawowa ba, kar a ce na wanke ta. Ita ce ke riƙe shibra a gonaki, wannan mai kama da gero da ke zubar da ƙwayarta tun kafin a girbe, don tana musayar gari da geron gida. Ita ce kuma ke bayan ƙorafin da ake yawan ji kan ingantaccen iri irin su SOSAT, wanda aka saki a Najeriya a 2000: shekarar farko ya yi bai-ɗaya gwanin kyau, a shekara ta uku ya fara fitowa dogo da gajere. Sai a ce an sayar wa mutum jabu. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa geron maƙwabci ne ya shigo ta sama. Masu samar da iri suna barin tazarar ɗaruruwan mitoci tsakanin gonarsu da kowane gero. Ina za a samu wannan fili a Kunchi ko Makoɗa, inda iyakar gona 'yar gamba ce ko jerin lalle?

Abin da ya rage wa mai son irinsa ya daɗe shi ne ya zaɓi zangarniyar iri daga tsakiyar gona, ba daga gefe ba, musamman gefen kudu maso yamma, inda iskar damina ta fi fitowa. Ya tuge shibra kafin ta yi bununi. Bayan shekara uku ko makamancin haka ya sabunta iri. A wuraren da maƙwabta suka yarda suka shuka iri ɗaya a jere, tazarar da mutum ɗaya ba zai iya samu ba sai unguwa ta samar da ita.