Dajin Hanji: Yadda Cuta Ta Koyi Kauce Wa Magani

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san motocin nan masu lasifika da ke kwarara tallan maganin basir. Mutum sai ya yi watanni yana ganin jini a bayan gida, yana ramewa, yana ta shan jiƙo. Sai tafiya ta yi nisa a kwashe shi zuwa Kano ko Shika, likita ya ce ai dajin hanji ne, har ya taɓa hanta.

A 1971 likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta cewa cutar ba ta cika kama mutanen Afirka ba saboda abincinmu mai dusa. Yau kuwa likitocinmu na ganinta har a jikin matasa.

Tsohon maganinta, 5-FU, tun 1957 aka haɗa shi, kuma dukan kan mai uwa da wabi yake yi, ƙwayar cuta da lafiyayya duk ɗaya. Sai a 2004 Amurka ta amince da cetuximab, magani mai saiti, wanda ke toshe wata ƙofa da ake kira EGFR, inda umarnin hayayyafa ke shiga ƙwayar dajin. Aka yi ta murna.

To mai karatu, murnar ba ta yi nisa ba. Masu bincike a Faransa suka lura a 2006, aka kuma tabbatar a 2008, cewa idan ƙwayar gadon KRAS ta gurɓata a cikin ƙarin, maganin ba ya aiki, domin ƙarin da kansa yake ba kansa umarni daga ciki. Ka garƙame ƙofa, ashe ɓarawon na ƙuryar ɗaki. Kusan huɗu cikin goma na marasa lafiya haka nasu yake.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na 2012. Masana a Italiya da Amurka suka bi jinin waɗanda maganin ya karɓe su, suka ga bayan 'yan watanni gurɓatacciyar KRAS ta fara bayyana, tun kafin hoto ya nuna ƙarin ya farfaɗo. Lissafin na Amurka ya nuna 'yan ƙwayoyin masu taurin kai suna nan tun kafin allurar farko. Manomin wake a Gagarawa ya san wannan: ka yi feshi, ƙwari su zube, 'yan tsirarun da suka sha su cika gona. Shi ya sa yanzu ake haɗa magani biyu, kamar encorafenib da cetuximab da aka amince da su a 2020 ga masu gurɓatar BRAF.

Mu fa? Binciken da likitocin Ile-Ife suka fitar tare da na New York a 2021 ya nuna gurɓatar hanyar RAS, wadda KRAS ke cikinta, ta fi yawa a ƙarin 'yan Nijeriya fiye da na marasa lafiyar can. Ke nan mutumin Gumel na iya sayar da shanunsa ya sayi allurar da ba za ta taɓa cutarsa ba, muddin ba a fara gwada tsokar ƙarin ba.