Zalika Sule: matar da ta ɗauki zagi a madadin kishiya

Ran nan a ɗakin kwananmu na jami'a na tambayi ƴan uwana ɗalibai su faɗa mini sunan ƴar fim guda ta Nijar. Wallahi sunayen ƴan Kano suka yi ta zubo mini. Ni ma ba zan yi musu dariya ba, don da ina ƙarami a Azarori ban taɓa jin sunan Zalika Sule ba.

An haife ta a Yamai a 1947. Tana budurwa, a 1966, Mustafa Alasan ya sa ta cikin fim ɗinsa "Le Retour d'un aventurier", labarin saurayin da ya komo daga Amurka ya raba wa abokansa kayan kaboyi. Mustafan nan ba baƙonmu ba ne, a Tawa ya zauna shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Ku duba lokacin: shekara shida kacal da samun ƴancin kai, ga ɗiya mace bisa doki gaban kamara.

Daga nan ta yi aiki da Umaru Ganda. A "Le Wazzou polygame" ta fito kishiyar da kishi ya kai ta ga kisa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Nijar ta samu suna, Zalika ta samu zagi. Mutane sun kasa raba matar da suka gani a silima da wadda suke gamuwa da ita a hanya.

A nan ne karatuna na harshe ya tsayar da ni. Da bakinmu muke cewa "wasan kwaikwayo", wato mun san kwaikwayo ne. To, don mi muke hukunta mai kwaikwayon da laifin wanda ta kwaikwaya? Kuma kalmar "wasa" kanta tana rage wa aikin daraja, kamar ba sana'a ba.

Ganda ya rasu a 1981, harkar fim ta ƙasa ta yi ta ja da baya, gidajen silima suka rufe. Da Rahmatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta, "Al'lèèssi", wanda aka nuna a bikin Cannes na Faransa, an ga tauraruwar jiya cikin talauci a Yamai, har ta tafi aikatau ƙasar waje. Ta rasu a 2021.

A Amurka akwai littafin yara mai suna "Eloise", na 1955, wanda ake cewa ƙuruciyar ƴar wasa Liza Minnelli ce ta ba marubuciyarsa Kay Thompson siffar yarinyar. Yara sun girma da shi. Mu kuwa ƙannenmu na lakwal a Madawa, Buza da Keita, ina za su gamu da Zalika?

Muna da biro, muna da injin hoton takarda da ya fitar da wannan ɗan littafi. Shawarata ga ƙungiyarmu: fitowa ta gaba mu rubuta labarin yarinya mai hawan doki, da Hausa mai sauƙi, da zane, mu sa mata suna Zalika. In hutu ya zo, ni zan kai Azarori in karanta wa ƙanwata.