Littattafan soyayya na Hausa: Na da, na yanzu, da abin da ya raba kan masu karatu

Littattafan soyayya suna ne da aka laƙaba wa ƙagaggun labaran Hausa waɗanda jigonsu so ne da aure da zaman gida. Manazarta kan kira su Adabin Kasuwar Kano, sunan da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu da sigar suka, ya kuma bi su har yau. Masu karatu ba su cika damuwa da sunan ba. Abin da suke jayayya a kai shi ne wanne ya fi tsakanin na da da na yanzu.

Kalmar "na da" tana buƙatar bayani. A Turai akwai wani rukuni na labaran soyayya da akan rubuta a yau amma a gina su a kan zamanin da ya shuɗe, irin waɗanda Georgette Heyer ta shahara da su a Ingila tun shekarun 1930. Irin wannan bai yi yawa a Hausa ba. Littattafanmu da suka waiwayi tarihi sun fi karkata ga yaƙi da bauta, kamar Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda son da ya fi ƙarfi a cikinsa shi ne na uwa mai neman ɗanta. Saboda haka idan Bahaushe ya ce littafin soyayya na da, wanda aka rubuta da jimawa yake nufi.

Asali

A cikin littattafan da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin ne ya taɓo so kai tsaye: Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shehu ya aure ta, saurayin ya shiga duniya neman ramuwa. Tun daga nan tambayar da ta riƙe wannan adabi ta bayyana, wato wane ne ke da ikon zaɓa wa yarinya miji.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Amma ambaliyar ta zo ne bayan Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a 1984. Dalilai biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da matasa masu iya karanta boko, sannan matsin tattalin arzikin da ya tsananta daga 1986 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Sai marubuta suka koma buga aikinsu da kuɗinsu, a takarda mai araha, suna raba labari kashi biyu ko uku domin cinikin na ɗaya ya biya bugun na biyu. Ƙungiyar Raina Kama ta Kano, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin jagororinta, ta zama cibiyar harkar.

Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano a lokacin. Sai a ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, shekarar da In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya fito. Raba jiha bai raba kasuwa ba, domin hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Birnin Kudu ita ce dai ke kawo atamfa da kayan masarufi, ta nan kuma littafi ke biyowa. A irin waɗannan garuruwa aro da haya sun fi saye yawa. Kwafi ɗaya kan zaga gidaje da ɗakunan kwanan ɗalibai har bangonsa ya fita, shi ya sa yawan abin da aka buga bai taɓa nuna yawan masu karatu ba.

Hujjar masu son na da

Masu fifita littattafan shekarun 1990 suna cewa sun ɗauko rayuwar da kowa ya sani. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Wannan littafi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, ta fi zama a kan kishi da dabarun zaman aure. Duk wanda ya karanta su a natse zai ga cewa hirar masoya kaɗan ce a ciki; mafi yawa rikici ne a kan auren dole da saki da karatun 'ya mace.

Sai dai waɗannan littattafai da ake yabo yanzu sun sha suka a zamaninsu. An ce kwaikwayon finafinan Indiya ne, an ce suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, musamman inda Sumayya ta In Da So Da Ƙauna ta faɗa rijiya don guje wa auren wanda ba ta so. An yi shekaru ana musayar rubuce-rubuce a jaridu, Malumfashi na suka, Farfesa Abdalla Uba Adamu na karewa. A 2001 Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, a 2007 kuma aka ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Na yanzu

Yau labari ya koma waya. Ana sakin sa shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, a ba da farkonsa kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi. Wadda ba ta iya karatu ba kan saurara a YouTube. Mai karatu a Gwaram ba ta jiran motar Kano, tana samun shafin ranar daidai da wadda ke Fagge.

Ƙorafin da ake yi uku ne: batsa a wasu, cusa Ingilishi da watsi da ƙa'idar rubutu, da kuma jaruman da kusan duk 'ya'yan attajirai ne masu karatu a ƙasashen waje. Masu karewa na cewa marubutan yanzu sun taɓo abin da na baya suka kewaye, irin su fyaɗe da cutar sikila, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna akwai masu alƙalami mai kaifi. Zargin lalata tarbiyya tsohon zance ne da ya sauya riga. Amma na rashin tacewa gaskiya ne, domin labarin da ake rubutawa da dare a sake shi da safe ba ya bi ta hannun kowa, iyaye kuma ba sa ganin bangonsa kamar yadda suke ganin na takarda.

Akwai wata matsalar da ba a cika ambata ba. Littattafan 1934 ana sake buga su saboda suna cikin manhajar makarantu, amma galibin na shekarun 1990 bugu ɗaya ko biyu suka samu. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004 ya ƙunshi littattafai sama da 700 da suka fito tsakanin 1987 da 2002. Mai neman da yawa daga cikinsu a yau sai dai ya bi tsofaffin dillalan littafi a Kano, ko ya roƙi wata uwargida ta duba ƙasan akwatinta.