Tawayen Sawaba a Jamhuriyar Nijar, 1964–1965

Nijar ta sami 'yancin kai daga Faransa ranar 3 ga Agusta 1960, amma rikicin da ya fara girgiza ta ya girmi wannan rana. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wanda ke shugabantar gwamnati a lokacin, ta nemi a ce "a'a" ga zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Turawan mulki da yawancin sarakuna suka juya mata baya, ta sha kaye. Jibo ya sauka, jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani ta hau, kuma a 1959 aka haramta Sawaba.

Ƙarfin Sawaba yana wurin 'yan ƙwadago, direbobi, ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, musamman a Damagaram da Maraɗi. Da aka rufe mata ƙofar siyasa, sai shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Bamako, daga baya Akara, inda Kwame Nkrumah ya ba su mafaka. Suka rungumi aƙidar gurguzu, suka tura matasa koyon yaƙin sari-ka-noƙe a Sin, Aljeriya da Biyetnam ta Arewa.

Kano ta zama babbar mahaɗarsu. Cinikin da ke tsakanin fataken unguwanni irin su Koki da Fagge da garuruwan kudancin Nijar ya daɗe, don haka baƙo daga Damagaram ba ya jan ido a cikin birni. Ga kuma jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ita ma ke fafutukar talakawa, kuma 'ya'yanta suka taimaka wa 'yan Sawaba. Gwamnatin Arewacin Najeriya ta Sardauna kuwa tana tare da Diori.

A ƙarshen daminar 1964 mayaƙan suka tsallako cikin ƙananan rukunoni ta iyakokin Najeriya da Dahome da yammacin ƙasar, suka far wa wasu ofisoshin gwamnati. Lissafinsu shi ne manoma za su tashi su mara musu baya. Hakan bai samu ba. Gwamnati ta riga ta sami labarin zuwansu, ta kuma sa masu gari da 'yan bangar jam'iyya su tara ƙauyawa, aka yi ta bin sawunsu a daji da kwari da baka da sanduna. Aka kashe wasu, aka kama da dama, kuma a watan Oktoba aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai.

Ranar 13 ga Afrilu 1965, ana sallar Idin Babbar Sallah a Yamai, wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Diop ya jefa gurneti kusa da shugaban ƙasa Diori. Shugaban ya tsira, amma wani yaro ya rasu. Kame da azabtarwa suka ƙaru, fursunoni da yawa suka mutu a tsare.

Hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966 ta raba Sawaba da babban sansaninta, tawayen ya mutu. Diori ya ci gaba da mulkin jam'iyya ɗaya har 15 ga Afrilu 1974, lokacin da Laftanar Kanar Seyni Kunce ya kifar da shi, ya saki fursunonin siyasa. Jibo Bakari ya dawo gida, aka sake tsare shi a 1975, ya rasu a Yamai a 1998.