Birkin Da Ya Sauko Daga Jirgin Sama

Mu nan New York sai godiya, sai dai sanyi ya fara leƙowa, ga yayyafi safe da yamma.

Auta ya turo min saƙo cewa ya tara kuɗi zai sayi babur, wai in ba shi shawara. Da na so in amsa masa a waya kawai, amma abin da na gani ranar Talata a unguwar Bronx ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Ina tsaye a bakin titin Grand Concourse sai ga wani yaro mai kai wa mutane abinci a kan ƙaramin mashin. Motar da ke gabansa ta ci birki ba zato, shi kuma ya damƙe birkin gaba daidai kan wani faffaɗan ƙarfe da masu gyaran titi suka rufe rami da shi, ga ruwa ya jiƙa shi. Kafin ƙiftawa da bismilla yaro yana ƙasa, abinci ya watse. Allah Ya kiyaye, ya tashi yana ɗingishi. Gudu ma ba ya yi. Tayar gaba ce ta cije ta daina juyawa, kuma babur ba mota ba ne, da zarar tayar gaba ta fara ja da ƙasa sai faɗuwa.

Maganin wannan shi ne birkin da ake kira ABS. Idan kun lura da manyan babura za ku ga wani zobe mai ramuka ko haƙora a tsakiyar taya. Kusa da shi akwai 'yar na'ura da ke ƙirga haƙoran suna wucewa, tana sanar da wata ƙaramar kwamfuta saurin tayar. Da ta ga taya na shirin tsayawa cak alhali babur yana tafiya, sai ta buɗe bawul ta rage ƙarfin man birki, tayar ta ci gaba da juyawa, sannan famfo ya sake matse ta. Haka za ta yi ta yi, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Mai tuƙi dai zai ji birkin yana rawa a hannunsa, shi ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne asalinsa. Don jirgin sama aka ƙirƙire shi, saboda tayoyin jirgi kan fashe idan suka cije wajen sauka. A shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da wani mai suna Maxaret, wanda babu kwamfuta a cikinsa, ƙarafa ne kawai da mai. A 1958 cibiyar binciken hanyoyi ta gwamnatin Ingila ta ɗaura shi a jikin babur ƙirar Royal Enfield Super Meteor, aka gwada a kan santsi, aka ga tazarar tsayawa ta ragu har da kashi 30 cikin 100. Kun san me kamfanin baburan ya yi? Cewa ya yi bai ga makomar abin ba, aka ajiye maganar. Motoci suka riga babur samu: Mercedes-Benz da kamfanin Bosch na Jamus suka fito da na lantarki a 1978. Sai a 1988, shekara 30 cif bayan wancan gwaji, BMW ya sayar da babur na farko mai ABS, wato K100, kuma na'urar ta ƙara masa nauyin wajen kilo 11. Yamaha da Honda na Japan suka biyo baya a farkon shekarun 1990. Ni dai idan na tuna waɗannan shekaru 30 sai in riƙa tunanin mutum nawa suka karye, nawa suka rasu, alhali maganin yana ajiye a wani sito.

A nan Amurka, Harley-Davidson ya fara sa shi ne a baburan 'yan sanda a 2005, irin manyan nan da 'yan sandan manyan titunan New York ke hawa, sannan a 2008 ya kai ga wasu na sauran jama'a. Tarayyar Turai ta wajabta shi daga 2016 ga sababbin baburan da suka wuce cc 125, Indiya ma ta yi hakan ga duk sababbi daga 2019. Amma Amurka, da duk son ƙa'idarta, gwamnatin tarayya ba ta tilasta shi a kan babur ba. Alhali cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyi, ta yi bincike a 2021 ta gano cewa hatsarin da ake rasa rai ya ragu da kashi 22 cikin 100 a baburan da ke da shi.

Ku lura da inda dokokin nan suka ja layi: sama da cc 125. Ke nan mai babban babur, wanda galibi sai ranar hutu yake fito da shi shan iska, shi ya fara samu. Wanda yake wuni a kan ƙaramin mashin yana neman abinci, ko yaron nan na Bronx ko 'yan acaɓarmu na gida, shi ne na ƙarshe a layi. Dalili kuɗi ne. ABS yana buƙatar birki mai aiki da mai, su kuwa Bajaj Boxer da Jincheng da muka saba gani a Kano, birkinsu na waya ne da sanda, babu inda na'urar za ta shiga.

To Auta, ga tawa shawarar. Idan kuɗinka zai kai ga mai ABS, ko da a tayar gaba kaɗai, ka saye shi ka haƙura da ado. Amma ka sani a kan yashi ko tsakuwa yakan ƙara tsawon tazarar tsayawa, kuma ka san yadda rairayi ke kwanciya a gefen kwaltarmu bayan ruwa. Idan kuwa Boxer ɗin ce, kada ka bi maganar masu cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, har su kwance shi. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake, domin nauyi can yake komawa idan an ci birki. Fizgar sa lokaci ɗaya ce ke kayarwa. Ka samu fili inda babu motoci, ka koyi matsa shi sannu a hankali kana ƙarawa, tare da na baya, har hannunka ya saba. Kuɗin hular kwano kuma ni zan turo, kada ka ce min zafi.

A gaida Hajiya, a ce mata kilishin ya iso lafiya.